Mahaɗi: Telan da Ke Ɗinke Manhajar Kwamfuta

Manhajar da masani ya rubuta ba ta zama abin da inji zai iya bi sai ta ratsa hannu biyu. Na farko shi ne tafinta, wanda ke juya kowane fayil zuwa harshen inji, ya fitar da shi gutsure-gutsure. Na biyu shi ne mahaɗi, watau linka, mai tattara gutsattsarin nan ya ɗinke su, kamar yadda tela kan haɗa gaban riga da bayanta da hannuwa.

Kowane gutsure a kashe yake sashe-sashe. Umarnin da inji zai bi yana cikin sashen da ake kira .text, bayanan da aka ba ƙima tun farko kuwa suna cikin .data. Sai .bss, wanda sha'aninsa ya fi ban mamaki, don ba ya cin wuri a fayil. Girmansa kaɗai akan rubuta, sa'an nan a cika gurbinsa da sifiri sa'ad da manhajar za ta tashi. Sunan ma gādo ne tun daga injin IBM 704 na shekarun 1950.

To, telan fa ba ɗaya ba ne. Akwai tsohon hannu ld na GNU, da gold wanda Ian Lance Taylor ya fitar a 2008, da lld na LLVM. Dukkansu sun iya tsarin fayil na ELF, wanda Linux ke aiki da shi, amma kowa da irin ɗinkinsa. Bambancin yakan fito fili a kan sashen da takardar umarnin mahaɗi ba ta ambata ba, wanda masana ke kira maraya. A nan kowane mahaɗi yakan yi nasa hasashe, wannan ya ajiye shi nan, wancan ya kai shi can.

Ga manhajar yau da kullum, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma ga wadda ke tā da injin kansa, babbar magana ce. Ƙwaƙwalwar Cortex-M ta kamfanin ARM, da zarar wuta ta shige ta, takan leƙa farkon wani jadawali ta ɗauki lambobi biyu, ta biyun ita ce adireshin da za ta soma aiki. Babu wani umarni cikin manhajar da ke kiran wannan jadawali, saboda haka mahaɗin da aka ce ya share abin da ba a amfani da shi yana iya zubar da shi, in ba a rubuta masa KEEP ba. Ginin zai kammala lafiya lau, babu ko gargaɗi, injin kuwa ya yi shiru abinsa.

Don gudun irin wannan ɓoyayyen lahani ne masu kula da ƙwayar Linux suka sa, a 2020, mahaɗi ya riƙa yin gargaɗi duk sa'ad da ya ci karo da sashe maraya a gine-ginen x86 da ARM.