Ƙasar Noma a Yankin Garun Malam, Kura da Bunkure: Asalinta, Rabe-rabenta da Batun Tsami

Ƙaramar Hukumar Garun Malam na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi uku da Shirin Noman Rani na Kogin Kano ya ratsa, sauran biyun su ne Kura da Bunkure. An kammala ginin Madatsar Ruwa ta Tiga a shekarar 1974 a zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, kuma daga cikinta ne ruwa ke gangarowa da kansa ta babbar magudana zuwa Ruwan Kanya, daga nan ya rarrabu zuwa gonaki ba tare da injin turawa ba. An tsara kashin farko na shirin a kan hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Wannan ne ya mayar da garuruwa irin su Kadawa da Ciromawa da Yadakwari wuraren da ake noma rani da damina, har kasuwar Kwanar Gafan ta shahara a ƙasa baki ɗaya wajen cinikin tumatir.

Sai dai kuma ƙasar da ake nomawa sau biyu ko uku a shekara har tsawon shekaru hamsin ba za ta zauna yadda take ba. Ana yawan jin manomi yana cewa gonarsa ta gaji, ko kuma taki ba ya kama ta kamar da, wani lokaci kuma a ce masa tsami ne ya yi mata yawa. Domin a fahimci inda wannan magana take da gaskiya da inda ba ta da ita, ya kamata a san mene ne tsamin ƙasa, wace irin ƙasa ce aka san ta da shi tun asali, sannan a ina ƙasar wannan yanki ta faɗa a cikin rabe-raben masana.

Gaurayayyar ƙasa da ma'aunin tsami

Kowace ƙasar noma ta ƙunshi ƙwayoyi iri uku. Akwai yashi, wanda ake jin kaushinsa a hannu. Akwai lallausan gari mai kama da fulawa, irin wanda ruwa ke kwantarwa a bakin rafi. Sannan akwai yumɓu, wanda ƙwayarsa ba ta kai kashi biyu cikin dubu na milimita ba, kuma shi ne ke riƙe ruwa da abincin shuka. Idan ukun nan suka cakuɗa ba tare da ɗaya ya danne sauran ba, ita ce ake kira gaurayayyar ƙasa. Manomi na iya gane ta ba da wani awo ba: in ya jiƙa ta ya dunƙula za ta dunƙulu, amma in ya murza ta tsakanin yatsu ba za ta yi doguwar igiya kamar ƙasar tukwane ba.

Shi kuwa tsami ana auna shi ne da ma'aunin pH, wanda ya fara daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ya yi ƙasa da ita tsami ne, abin da ya haura kuma ya karkata wajen kanwa. Abin lura shi ne kowane mataki ɗaya ninki goma ne, wato ƙasa mai lamba 5 ta ninka mai lamba 6 tsami sau goma. Yawancin amfanin gona, ciki har da tumatir da alkama da masara da albasa, sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Matsala ta gaske tana farawa ne idan aka sauka ƙasa da 5.5, domin a nan ne sinadarin alminiyam da ke ɗaure cikin yumɓu yake narkewa ya ƙona bakin saiwa, sai ta gajarce ta kumbura ta kasa bin ruwa zuwa ƙasa. A nan ne kuma takin fosfaras ke ɗaurewa, manomi ya zuba kuɗinsa shuka ba ta samu ba.

Ƙasar da teku ya bari

Gaurayayyar ƙasa mai tsami da aka fi yin rubutu a kanta a littattafan ilimin ƙasa ita ce wadda ta samu daga yashi da lakar da teku da bakunan koguna suka jibge, daga baya ruwa ya janye ya bar su a tudu. Irinta ce ta mamaye shimfiɗaɗɗen yankin gaɓar teku na kudu maso gabashin Amurka, inda ake noman auduga da gyaɗa da taba. Shahararriya a cikinsu ita ce wadda suke kira ƙasar Nofok: tana da zurfi ƙwarai, ba ta da duwatsu, samanta yashi-yashi ne mai sauƙin huɗa, ƙarƙashinta kuma gauraye mai yumɓu launin rawaya, kuma tsaminta yana da ƙarfi matuƙar ba a zuba mata garin dutsen farar ƙasa ba. Manoman can sun ɗauki zuba shi tamkar zuba taki.

A Nijeriya danginta na nan a jihohin Akwa Ibom da Kuros Riba da Ribas da Abiya da Imo, inda masana ke kiranta yashi mai tsami. Abu biyu suka haɗu suka mayar da ita haka. Na farko, abin da ruwa ya kwaso ya jibge tun farko ragowar ƙasa ce da ta riga ta wanke, babu sauran ma'adinai masu yawa da za su narke su ciyar da ita. Na biyu, ruwan saman da ya haura milimita 2,000 a shekara yana ratsa ta yana tafiya da kalsiyam da magnesiyam da fotasiyam, ya bar alminiyam. Shi ya sa rogo da kwakwar manja da itacen roba, masu jure tsami, suka fi karɓar ta.

Akwai wadda ta fi wannan haɗari, wato taɓon fadamun bakin teku na yankin Neja Delta da Saliyo da Gini Bisau da Gambiya. Ruwan teku ya bar wani ma'adini mai farar wuta a cikinsa, wanda ba ya cutarwa muddin yana nutse cikin ruwa. Ranar da aka haƙa lambatu aka tsane fadamar domin noman shinkafa, iska ta shiga, sai ma'adinin ya rikiɗe ya fitar da ruwa mai guba dangin ruwan batir, ma'auni ya faɗi ƙasa da 4, gona ta mutu.

Amma ba duk abin da teku ya bari ne ke da tsami ba, kuma hujjar na nan kusa da gida. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku ya rufe yankin Sakkwato, kuma har yau ana tono ƙasusuwan kifaye da kadoji a duwatsun wajajen Dange da Wurno. Abin da ya bari a Kalambaina dutsen farar ƙasa ne, wanda ake yin siminti da shi, kuma shi ne ainihin maganin tsami. Ke nan asali kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an duba abin da aka jibge da kuma yawan ruwan saman da ya biyo baya.

Ina ƙasar Kadawa ta faɗa?

Ita ƙasar Garun Malam da Kura da Bunkure ba teku ne ya haife ta ba. Tana zaune ne a kan tsofaffin duwatsun asali da suka haura shekaru miliyan 500, dangin waɗanda suka ɓullo a Rano. A kansu ne iska ta shimfiɗa lallausan yashi da ƙura a zamunan fari na dubban shekarun da suka shuɗe. Wannan ne ya ba ta kamanninta: sama gauraye mai rinjayen lallausan yashi, ja-ja ko ruwan ƙasa, yumɓu na ƙaruwa in ana nitsawa, a wurare da dama kuma a tarar da shimfiɗar marmara a ƙarƙashi. Ruwan sama a nan bai cika kai milimita 1,000 ba, kuma cikin watanni huɗu ko biyar yake sauka, saboda haka wankewar ba ta yi tsanani ba. Har ila yau ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wadda jama'a ke kuka da ita saboda mura da tari, tana sauke wa gonaki ɗan kalsiyam da fotasiyam kowace shekara kyauta.

Masana na amfani da manyan tsare-tsare biyu wajen rarraba ƙasa. Tsarin Ma'aikatar Gona ta Amurka, wanda aka wallafa a 1975, yanzu yana da manyan rukunoni 12. A cikinsa ƙasar gaɓar teku mai tsami tana rukunin Ultisol, wato wadda kalsiyam da danginsa ba su kai kashi 35 cikin 100 na abin da yumɓunta ke iya riƙewa ba. Mafi yawan ƙasar tudu ta arewacin Nijeriya kuwa ta haura wannan iyaka. A tsarin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasar tashar binciken noman rani ta Kadawa, wadda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, an sanya ta a rukunin Kambisol mai wadata. Ma'anar wannan ita ce ƙasa ce da ba ta tsufa ta wanke ba, kuma aƙalla rabin abin da take riƙewa abinci ne mai amfani. Tsaminta na asali ɗan kaɗan ne.

Manoma ma suna da nasu rabon, kuma bai kamata a raina shi ba, domin sau da yawa iyakokinsa na dacewa da na taswirar masana. Jigawa ita ce ta tudu mai yashi. Jangargari ja ce mai ɗan nauyi. Laka da fadama na kwari inda ruwa ke kwanciya. Tsakuwa inda marmara ta kusanto sama. Fako kuwa inda ƙasa ta daskare ta ƙi shan ruwa.

Tsamin da hannu ke jawowa

Raunin wannan ƙasa shi ne ƙarancin yumɓu da ƙarancin ruɓaɓɓen ganye. Ƙasa irin wannan ba ta da juriya: abu kaɗan ke karkatar da ma'auninta. Duk lokacin da aka zuba yuriya ko amoniyam salfet, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna sarrafa shi zuwa abin da shuka ke sha, a garin haka kuma suna fitar da tsami. A kan kowane kilo na naitirojin, amoniyam salfet ya ninka yuriya tsami sau biyu zuwa uku. In aka haɗa da ban ruwa fiye da kima, wanda ke wanke kalsiyam, da kwashe kara da harawa daga gona bayan girbi, sai manomi ya yi wa gonarsa cikin 'yan shekaru abin da ruwan sama ya yi wa ƙasar kudu cikin dubban shekaru.

Wannan ba hasashe ba ne. A Samaru akwai filayen gwaji da aka fara tun 1950, inda aka riƙa zuba wa wasu takin zamani zalla, wasu takin gargajiya, wasu kuma duka biyu. Filayen da suka daɗe suna shan takin naitirojin shi kaɗai sun yi tsami, waɗanda ke samun kashin shanu kuwa sun riƙe ma'auninsu fiye da sauran. Tsohuwar al'adar manoman kewayen Kano ta kai taki da toka gona a kan jakuna tana da hujjarta a kimiyyance.

Mai noman shinkafa shi ne ya fi jinkirin gane matsalar, domin ƙasar da ruwa ya rufe ma'auninta kan matsa kusa da 7 da kansa. Sai an tsane an shuka tumatir ko alkama a kakar da ta biyo sannan abin ke bayyana.

Tsami ko kanwa?

A ganinmu, babban kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne ɗaukar kowace lalacewar gona a matsayin tsami. A wannan shiri, matsalar da ta fi daɗewa tana damun manoma ita ce kwanciyar ruwa. Marmarar da ke ƙarƙashi tana hana shi wucewa, in kuma lambatu ya toshe da kachala, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da saiwa, rana ta busar da shi ya bar farin gishiri ko kanwa a sama. Wannan na cikin dalilan da suka sa aikin gyaran da aka gudanar ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya haɗa da yashe magudanan fitar da ruwa. Alamomin kan yi kama: shuka ta tsumbure, ganye ya yi rawaya. Amma maganin ya saɓa. Ƙasa mai tsami garin dutsen farar ƙasa take bukata. Mai kanwa kuwa jifsam take bukata tare da buɗe mata hanyar ruwa. Wanda ya zuba farar ƙasa a gona mai kanwa ya yi asarar kuɗinsa. Ko a gona mai tsamin ma, in aka zarce kima a ƙasa mai yashi, shuka kan rasa sinadarin zin da ƙarfe.

Saboda haka awo ne kaɗai ke raba gardama. Bayan girbi, manomi ya zagaya gonar ya ɗebi ƙasa daga wurare 15 zuwa 20, daga sama zuwa zurfin santimita 20, yana kauce wa bakin magudana da inda aka taɓa tara taki ko ƙona kara. Ya cakuɗa ta a bokitin roba mai tsabta, ya shanya a inuwa, ya ware kimanin rabin kilo. Inda shuka ke lalacewa a ɗebi tasa daban. Malaman gona na Hukumar KNARDA na iya nuna inda za a kai, kuma akwai ɗakunan awon ƙasa a Jami'ar Bayero ta Kano da cibiyar Samaru. In sakamako ya nuna ƙasa da 5.5, a zuba adadin da masu awon suka ƙayyade, a juya shi cikin ƙasa mai danshi makonni kafin dashe, kuma kada a haɗa shi da yuriya a rana ɗaya, domin yana sa naitirojin ɗin ya tsere cikin iska.