Yadda sankarar ƙwaƙwalwa ke aika wa maƙwabtanta saƙo

Sanatocin Amurka biyu, Ted Kennedy da John McCain, sun rasu a rana ɗaya, 25 ga Agusta, ɗaya a 2009 ɗaya a 2018, kuma cuta ɗaya ce ta yi ajalinsu: glioblastoma, mafi tsananin sankarar ƙwaƙwalwa a jikin manya. Ko an yi tiyata, an gasa ƙarin da haske, an ba da maganin temozolomide, kusan rabin masu ita ba sa wuce wata 15. Mulki da dukiya ba su sauya wannan lissafi ba.

Wani ɓangare na taurin kan cutar yana cikin wasu ƙananan ƙunsoshi da ƙwayoyin halitta ke fitarwa, waɗanda masana ke kira exosomes. Faɗin mafi yawansu bai wuce nanomita 150 ba. An daɗe ana ɗaukar su shara ce kawai. A 2008 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna cewa ƙwayar sankara na cusa gurɓataccen furotin EGFRvIII cikin ƙunshin, ta miƙa wa ƙwayar da ba ta da shi, ita ma ta ƙara ta'adi. Daga baya an gano ƙunsoshin na sa a tsiro da sababbin jijiyoyin jini don ciyar da ƙarin, suna kashe kaifin garkuwar jiki, suna kuma yaɗa dabarar bijire wa magani.

Amma saƙon da ya bar hannun mai shi yana iya faɗawa hannun wani. A shekarar dai, ayarin Xandra Breakefield a Boston ya tsinci alamar EGFRvIII a jinin majinyata 7 cikin 25. Fatan shi ne wata rana gwajin jini ya rage buƙatar buɗe ƙoƙon kai don ɗibar nama. Wasu kuma na gwada loda wa ƙunsoshin magani, tunda suna iya ƙetare shingen da ke hana yawancin magunguna shiga ƙwaƙwalwa daga jini.

Duk wannan bai wuce matakin gwaji ba, duk da tallace-tallacen “allurar exosome” da ke yawo a intanet. Tun 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da ko guda daga cikinsu ba.