Kafin Ki Zaɓi Launin Fenti, Ki Fara Duba Bangon

Yau hirar tamu ta gangara gabashin Sakkwato, wato Wurno da Rabah da Goronyo, inda da zarar amfanin gona ya shigo gida sai hidimar bukukuwa ta kankama, kowace uwa na son a gyara ɗakin ɗiyarta kafin ranar jere. Ba kowa ke da kuɗin ɗauko mai fenti daga birni ba, kuma aikin bai fi ƙarfinki ba, ke da ƙannenki biyu kun isa. Sai dai mu mata akwai mu da ɗoki. Ana cewa fenti sai a hau gardamar ruwan hoda ko shuɗi, ba wadda ta taɓa bangon ta ji halin da yake ciki.

Garuruwan nan duk na bakin gulbi ne, Wurno da Goronyo kan gulbin Rima, Rabah kuwa kan gulbin Sakkwato. Damshin fadamar da ke ba mu albasa da tafarnuwa da shinkafa, shi ne dai ke hawa gindin bango ta ƙarƙashi, musamman a gidajen da ke gangare. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 a Goronyo da Wurno sun san yadda bango ke riƙe ruwa bayan tsakar gida ta daɗe da bushewa. In aka shafa fenti a kan irin wannan bango, kafin amarya ta yi wata biyu zai kumbura ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, ga baƙi na shigowa ganin ɗaki. Kunya kenan.

Ga gwaji mai sauƙi. Ki samu farar leda ki manna ta a gindin bango da salatif, ki toshe kowane gefe, ki bar ta kwana biyu. In kin ɗaga kin ga raɓa a cikinta, ko kin ga wani farin gari kamar kanwa yana tsattsafowa daga filasta, to ki dakata. A duba indararo da magudanar bayan ɗaki tukuna, a buɗe taga iska ta yi aikinta. Sabuwar filastar siminti ma sai ta samu kamar sati 4 kafin ta karɓi fenti.

Ɗakinki na ƙasa ne? Kada ki ɓata kuɗinki, fentin kanti ba ya zama a kan yaɓen ƙasa. Farar ƙasa, ko hwarar ƙasa inji mutanenmu na Sakkwato, ita ce maganinsa. A jiƙa ta ta kwana, a tace, a zuba ɗan ruwan ƙaro don kada ta riƙa gogewa a jikin zane. Iyayenmu ba ƙauyanci ya sa suke haka ba, farar ƙasa na barin damshi ya fita.

In na siminti ne kuma ya bushe, fentin ruwa za ki saya, na mai ki bar wa ƙofa da taga. Ki share yana da ƙura, ki cike tsaga da ramin ƙusa, in ya bushe ki bi da sanfefa. Shafin farko a sirka shi da ɗan ruwa ya yi tsinki-tsinki don bango ya sha. Ki fara daga sama ki gangaro, lungu da gefen taga da burushi, fili da rola. Ki ba shi kamar awa 4 sannan ki maimaita. Shafi biyu marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba. In galan biyu kika saya ki juye su a bokiti ɗaya ki motsa, don wani lokaci launinsu kan ɗan saɓa. A nawa ganin dai launi mai haske ya fi, ƙaramin ɗaki sai ya yi fili, kwanonin jerenki kuma su fito fes.

Akwai wata magana da ba wasa a cikinta. Wasu fentin mai, musamman tsofaffi, suna ɗauke da dalma, gubar nan da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara a 2010. Don haka kada ki kankare tsohon fentin mai a bushe ƙurarsa na tashi. Ki jiƙa shi da tsumma, ki rufe hancinki, ki kori yara da mai juna biyu daga wurin, ki kwashe ɓawon ki binne nesa da rijiya. Kananzir ɗin wanke burushi kuma kada ya kusanci murhu ko fitila.

Lokaci mafi kyau shi ne ƙarshen kaka, damina ta ɗauke, hazon hunturu bai yi ƙarfi ba. Ranar da buji ya taso ki haƙura, ƙura za ta manne a ɗanyen fenti. A zafin bazara kuwa sai da sassafe. Ki gama aikin ana sauran sati guda jere don wari ya fita, ragowar fentin kuma ki rufe shi gam ki ajiye, domin masu jere sai sun goga kafar gado a bangon nan.