Zaɓen Kayan Haɗa Ƙaramin Jirgi Marar Matuƙi Mai Ɗaukar Hoto

Jirgi marar matuƙi mai farfela huɗu shi ya fi dacewa da ɗan koyo. Kafin a sayi komai, wajibi ne a ƙiyasta nauyin jirgin haɗe da kyamararsa, domin a kan wannan nauyi ake zaɓen sauran kayan. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ƙarfin ɗagawar injinan huɗu ya kai aƙalla ninki biyu na nauyin jirgin. Ke nan, jirgi mai nauyin giram 600 yana buƙatar ƙarfin ɗaga giram 1,200, wato giram 300 daga kowane inji.

Girman gangar jirgin shi ke ƙayyade tsawon farfela, ita kuma farfela ta ƙayyade irin injin da za a sa. Farfela biyu kan juya dama, biyu hagu, don kada jirgin ya riƙa katantanwa a sama. Kowane inji yana da na'urar daidaita gudu, wadda dole ta iya ɗaukar fiye da wutar da injin ke ja. Idan ta gaza, sai ta ƙone, jirgin ya faɗo da kyamarar. Haka kuma akwai allon sarrafa tashi, wanda ke karɓar umarnin rimot yana daidaita injinan.

Batirin litiyam ake amfani da shi. Kowane ɗakinsa bolt 3.7 ne, don haka mai ɗaki huɗu yana ba da bolt 14.8. Huda shi ko yi masa cajin da ya wuce kima na iya haddasa gobara.

A Nijeriya, hukumar NCAA ce ke kula da dokokin tashin irin waɗannan jirage, saboda haka ya kamata a san sharuɗɗanta tun kafin a kashe kuɗi.