Shawara Ɗaukar Ɗaki: Zanen Ƙira Da Kwamfuta

Kowa ya ratsa ƙasar Karaye da Rogo, har ya zuwa Beli, ya san maƙera da masu walda da kafintoci su ne ƙashin bayan manomi. Su ke gyaran garma da amalanke, su ke ɗora injin niƙa da na ban ruwa in sun lalace. Amma galibi awon kayan nan a ka ya ke, ba a takarda ba. Ran da gwani ya kwanta dama, ko ya tafi cin rani, sai awon ya bi shi. Wannan hasara ce babba, ita ce kuwa ta sa muka ga ya kamata mu ba malaman makaranta da ma'aikatan ofis labarin wata jama'a, da yadda shawarar membobinta ta gina ta.

Zanen ƙira da kwamfuta, watau a zana abu da cikakken awonsa tun ba a taɓa ƙarfe ko katako ba, ba yau aka fara shi ba. Cikin 1963 Ivan Sutherland ya nuna hanyar a Amurka, cikin 1982 kuma aka fitad da AutoCAD. Sai dai irin wannan manhaja ta kuɗi ce, ta fi ƙarfin mai ƙaramar sana'a. Sabo da haka fitowar FreeCAD cikin 2002, wadda Jürgen Riegel da Werner Mayer na ƙasar Jamus ke cikin waɗanda suka aza harsashinta, ta zama abin farin ciki. Kyauta ce, in an ɗauko ta sau ɗaya kuwa tana aiki ko babu intanet.

To, abin lura shi ne, ba wani kamfani ya rene ta ba. Masu aiki da ita, kowa daga ƙasarsa, su ke kawo kuka, su ke kawo magani. Ga misali. Shekara da shekaru ana kuka da wani aibi: mutum ya huda rami a wata fuska ta zanensa, in ya koma baya ya sake wani awo, sai ramin ya ɓata ko ya koma wata fuska dabam. Wani memba ya duƙufa a gefe har ya samo dabara, jama'a suka gwada, sa'an nan aka shigar da ita cikin fitowa ta 1.0 a watan Nuwamba 2024, bayan shekara 22. Ko sabon tambarinta ma membobi suka zano, aka jefa ƙuri'a, aka zaɓa daga cikin waɗanda suka yi gaba. Har wa yau suna da ƙungiya mai rajista a Beljiyam, wadda ke karɓar gudummawa tana biyan masu gyara. Lalle hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma fa ba kowace shawara ke da amfani ba. Ladabin da suka saba bi shi ne, mai kuka ya fara dubawa ko wani ya riga shi. Ya kawo magana ɗaya tak, ya faɗi abin da ya yi, da abin da ya zata, da abin da ya auku, ya haɗa da zanen. Kome a rubuce ya ke a fili, kowa na ganin inda aka kwana. Wanda ya ce "abin nan ba shi da kyau" kurum, bai taimaki kowa ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga akawu, don kuwa rajista ce. Muna ganin malami guda a Beli ya isa ya soma. Ya tanadi littafi, ran kasuwa ya zaga wurin masu sana'a, ya tambayi kowa wane ƙarfe ne ya fi karyewa, da wane awo ya ke aiki, inci ko milimita, domin manhajar ta san duka biyu. 'Yan makaranta su zana, a buga a takarda, a mai da wa gwani ya gyara. A rubuta sunan mai shawara, a kuma gaya masa abin da aka yi da ita. Mutumin da ya faɗi magana bai ji amsa ba, ba ya sake faɗa.

Saura magana ɗaya. Masu sa kai ne ke juya manhajar cikin harsuna dabam dabam. Sunayen kayan ƙira da Hausa suna bakin maƙera, alƙalami kuwa yana hannun malamai. In ba a haɗa su ba, wa zai yi mana? Allah Ya sa mu dace, amin.