Hausar Tagriss da kwamfutar haya

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a Yamai ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Jamhuriyar Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Doka ta yi nata. Saura na'urorin da ke sauraren magana su mayar da ita rubutu, ko su amsa wa mutum tambaya, domin har yanzu kunnensu bai saba da Hausar mutanen karkara ba.

Ɗauki Tagriss, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Dakoro ta jihar Maradi, yankin da noman hatsi ke haɗuwa da kiwo. A irin wannan wuri saƙon murya ya fi rubutu tafiya. Manomin da tsutsa ta kama masa wake danna waya yake yi ya yi magana, haka ma makiyayin da ke son jin yadda kasuwar bisashe ta ci a Dakoro. Manhajar da za ta amfane su dole ta ji abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi. Amma yawancin Hausar da aka horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ita daga shafukan labarai da fassarar littattafan addini ta fito, kuma kusan duk daidaitacciyar Hausa ce mai tushe a Kano. Mutumin Tagriss cewa yake "na tahi". Kuɗinsa da dala yake ƙirga su, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, dala ashirin sefa 100, jikka sefa 1,000. Manhajar da ta ɗauki wannan dala a matsayin kuɗin Amurka za ta ba shi farashin da zai jawo masa hasara.

Gyaran wannan ba ya buƙatar a gina manhaja daga tushe. Kamfanin OpenAI ya saki manhajar jin magana mai suna Whisper a 2022 bayan ya horar da ita da awa 680,000 na magana, kodayake rabon Hausa a ciki ɗan kaɗan ne. Meta ta saki tata a 2023 mai jin harsuna fiye da 1,100. A ɓangaren rubutu akwai AfroXLMR ta 2022, wadda masu bincike a Jami'ar Saarland ta Jamus suka ƙara wa horo da harsunan Afirka 17, ga kuma aikin ƴan ƙungiyar HausaNLP irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad da Idris Abdulmumin, waɗanda suka sa hannu wajen tattara bayanan NaijaSenti. Duk waɗannan a buɗe suke, kowa na iya saukewa. Abin da ya rage shi ne ƙarin horo. Kamar san noma ne da aka riga aka koya masa jan garma: wanda ya saye shi ba sabon koyarwa zai fara ba, sai dai ya saba masa da muryarsa da ƙasar gonarsa.

To a ina za a yi wannan horo? Aikin yana buƙatar katin lissafi da ake kira GPU, manyansu kuma kuɗinsu ya kai dubban dalolin Amurka, ga cin wuta, ga buƙatar sanyi. Wanda ya zauna a Maradi a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take tura wa Nijar, ya san abin da ake nufi da dogara ga lantarki na kwana da kwanaki ba yankewa. Shi ya sa haya ta fi. Kamfanoni irin su Amazon da Google da Microsoft suna da manyan ɗakunan kwamfuta, suna ba da hayarsu ta intanet a kan awa, abin da ake kira gajimare. Ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi zai iya kunna na'urar da ke Faris daga ƙaramar kwamfutarsa, ya ba ta aiki, ya rufe tasa ya tafi masallaci, ita tana can tana yi.

Sai dai gwanintar tana wajen tsara hayar, kuma a nan ne nake ganin ya kamata malamanmu su fi tsayawa da ɗalibai, domin lissafi ne da za a iya yi da alƙalami tun kafin a kashe ko dala. Kowace manhaja tarin lambobi ce. Mai lambobi biliyan 8, irin Llama 3 ta Meta, tana cin gigabait 16 kafin ma a fara komai, saboda kowace lamba tana ɗaukar bait biyu. Idan aka ce za a gyara dukkan lambobin, sai an ajiye wa kowace ɗaya bayanan gyaranta, abin ya kai kusan bait 16, jimla wajen gigabait 128. Katin A100 mai gigabait 80 guda ɗaya ba zai ɗauka ba. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai yi hayar na'ura, ya jira ta sauke komai, sannan ta tsaya ta ce wuri ya cika, kuɗin awar kuma ya tafi.

Mafita ta zo a 2021, lokacin da masu bincike a Microsoft suka fito da dabarar LoRA: a bar asalin lambobin yadda suke, a ɗora wasu ƴan kaɗan a gefe, sau da yawa ƙasa da ɗaya cikin ɗari, su kaɗai za a horar. A 2023 Tim Dettmers da abokan aikinsa a Jami'ar Washington suka ƙara da QLoRA, suka matse asalin manhajar, har suka horar da mai lambobi biliyan 65 a kati ɗaya mai gigabait 48. Da wannan dabara mai biliyan 8 tana shiga katin T4 mai gigabait 16, wanda hayarsa ba ta kai dalar Amurka ɗaya a awa ba, kuma shafukan Colab da Kaggle suna ba da irinsa kyauta na ɗan lokaci. Manhajojin jin magana ma sun fi sauƙi. Ɗaya daga cikin ƙananan nau'o'in Whisper lambobinta miliyan 244 ne kacal.

Akwai haya mai rahusa, wato na'urorin da kamfani bai samu mai haya ba a wannan lokaci. Amazon na rage har kashi 90 cikin ɗari a kansu, da sharaɗin zai iya karɓe abinsa bayan gargaɗin minti biyu. Mai hankali yakan sa manhajar ta riƙa ajiye kwafin inda ta kai lokaci-lokaci a wata ma'ajiya daban, ta yadda in an katse ta za ta ɗora daga nan. A ajiye bayanan a yanki ɗaya da na'urar, domin shigar da bayanai kyauta ne amma fitar da su biya ake yi. Amazon ta buɗe cibiyarta ta Cape Town a 2020, Google ta buɗe ta Johannesburg a 2024, sai dai ga aikin horo kusancin cibiyar da Nijar ba shi da wani tasiri, farashi da samun kati su ne abin dubawa. Kuma a kashe na'ura in an gama, a sa ƙararrawar kasafi, domin na'urar da aka manta a kunne kuɗi take ci dare da rana.

Sauran saituna, irin saurin koyo da yawan zagayen da za a bi bayanan, gwaji ne ke nuna su. A fara da ƙaramar manhaja da bayanai kaɗan, in hanya ta fito sannan a hau babba. Abu ɗaya ne ba a sassautawa: a ware wasu muryoyi da manhajar ba za ta taɓa ji ba lokacin horo, a gwada ta da su. Su kasance na mutane daban, har da tsofaffi da mata da Abzinawa da Fulanin da ke Hausa a kasuwa, a ɗauke su da irin wayoyin da ake riƙewa a ƙauye, da iska da kukan awaki a baya. In ba haka ba sakamako zai yi kyau a takarda, a kai ta Tagriss ta kasa.

Nauyin bayanan bai kai yadda ake tsoro ba. Awa ɗaya ta magana, a ingancin da waɗannan manhajoji ke so, kusan megabait 115 ce. Awa 50 ba ta kai gigabait 6 ba. Ana iya ɗauko su a katin waya, a kai Maradi inda layi ya fi ƙarfi, a ɗora sau ɗaya. Wahalar tana wajen rubuta abin da aka faɗa jimla bayan jimla, aikin da sai ɗan yankin zai iya shi, kuma ya cancanci a biya shi da kyau.

Abu biyu ne ke damuna fiye da na'ura. Na farko biya: kamfanonin nan katin banki suke karɓa, ɗalibai da yawa kuwa kamfanonin tura kuɗi na Nita da Amana da kuɗin waya suka sani. Jami'a ce ya dace ta buɗe asusu ɗaya, ta raba wa ɗalibai awoyi, ta sa wa kowa iyaka. Na biyu muryoyin kansu. Muryar mutum tana nuna ko wane ne shi, kuma Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke sa ido a kai. Kafin a danna maɓallin ɗauka a gaban wata tsohuwa a Tagriss, a gaya mata da Hausarta inda muryarta za ta je, da wanda zai saurara, da cewa tana iya ƙi. A cire sunaye da lambobin waya kafin a ɗora. A rubuta cikin yarjejeniya cewa asalin bayanan da manhajar da aka gyara kwafinsu zai zauna a Maradi, a goge na gajimare ranar da aka gama haya, kuma mutanen da suka ba da muryoyinsu su ne za su fara gwada ta kafin a kai ta Yamai.