Yadda tsara jerin zaɓi a manhajar kwamfuta ke kare bayanan jama'a daga kuskure

A wuraren rajista, ma'aikaci kan danna wani ɗan akwati a kwamfuta, sai jerin sunaye ya zubo: jiha, ƙaramar hukuma, sannan mazaɓa. Masu rubuta manhaja suna kiran wannan akwati ComboBox, kuma yadda aka tsara kowane layi a cikinsa yana da tasiri kan ingancin bayanan da ake adanawa.

Garin Duvu da ke Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa misali ne. A jerin hukumar zaɓe ta INEC, sunan mazaɓarsa shi ne Duvu/Chaba/Girburum. Idan akwatin ya yi ƙunci, sunan zai yanke. Haka kuma Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu suna maƙwabtaka a jerin ƙananan hukumomi 21 na jihar, don haka zamewar hannu kaɗan ta isa ta mayar da mutum ɗan wata ƙaramar hukumar, gyaran kuwa sai da zirga-zirga.

Maganin yana hannun mai rubuta manhajar. A tsarin WPF da kamfanin Microsoft ya fitar a 2006, ItemTemplate ne ke fayyace abin da layi zai nuna, shi kuma ItemContainerStyle yana kula da tsayin layin, tazararsa da launin da zai ɗauka idan an zaɓe shi. Da su ake faɗaɗa jerin, a kuma bambanta layin da aka zaɓa da wanda kibiyar kwamfuta ta ratsa ta kansa kawai.

Ƙa'idar WCAG ta duniya ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1, kuma kada a dogara da launi kaɗai, saboda masu matsalar gani. Ana kuma bukatar salon rubutu mai ɗauke da haruffan ɓ, ɗ da ƙ, in ba haka ba sunayen Hausa su fito da gurbi.

Najeriya na da ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu 8,809. Shi ya sa ake ɗaure jerin da juna: wanda ya zaɓi Mubi ta Kudu, mazaɓunta 10 kaɗai zai gani.